Jaji Tela da Muryar Sama

Shekara tara shagona na guga yana jikin shagon Jaji Tela a Yalwawa, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ban taɓa jin an ambaci wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. In ana hirar tuƙin tirela, shi ya taɓa fito da ita daga cikin kasuwar Ringim da baya ba tare da ya taka ko tumatir ɗaya ba. In wani ya karye, shi ya koya wa masu ɗori aikinsu. A kan ɗinki ne kawai ba ya cika baki sosai, saboda shi ana iya ɗagawa a duba.

Ran wata Litinin da hantsi, Baba Saja Mammadu ya sauko daga adaidaita sahu rungume da wani abu a cikin buhu. Dattijo ne mutumin Haɗeja, shekara talatin da biyar yana busa a badujala, ƙungiyar makaɗan soja, kafin ya yi ritaya ya zauna nan Dutse. Ya zare buhun, sai ga wani ƙaton ƙaho na tagulla a nannaɗe kamar hanjin rago, da maɓallai uku a sama, ga baki kamar na daro.

"Sunansa yufoniyom," in ji Baba Saja. "Jaka nake so ka ɗinka masa, mai soso a ciki. Zan je Haɗeja sunan jikata, sai na yi mako biyu. Ka auna shi ka ajiye. Aunawa kawai, Jaji."

"Haba Baba, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Adaidaitar ba ta gama shan kwana ba Jaji ya rungumi ƙahon ya fito bakin titi.

A lokacin ƙungiyar telolin unguwarmu na shirin zaɓen shugaba, kuma mutum biyu ne ke takara: Jaji da Abdulhakim, wanda shagonsa ke tsallaken titi. Abdulhakim mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, amma ya san inda ake taɓa Jaji. Ya tsallako yana goge hannu.

"A'a, Jaji, ka koma gyaran injin ban-ruwa ne?"

"Jahilci dai ba kyau. Wannan yufoniyom ne. Na busa irinsa a Zariya tun kana koyon sa zare a allura."

"To a ɗan sammana mana."

Jaji ya gyara tsayuwa, ya cika ciki da iska, ya manna leɓe. Abin da ya fito ban san sunansa ba. Adda Kellu mai ƙosai, wadda ke suya a gefen masallaci, ta yar da matsami ta miƙe tana salati.

"Wace tanka ce ta ƙwace?" Da ta ga Jaji sai ta dafe ƙirji. "Kai ɗan nan, da girmanka? In cikinka ne ya ɓaci ka zagaya mana!"

"Adda, wannan muryar ƙasa ce. Da ita ake buɗewa."

"Ai kuwa ta buɗe," in ji Abdulhakim. "Ni dai na taɓa jin Baba Saja a wani biki, ya hau da abin nan sama, sama, har ya koma siriri kamar guɗa. Amma wannan sai waɗanda suka iya."

Na ga jijiyar wuyan Jaji ta tashi, na san mun shiga uku.

"Ranar zaɓe," in ji shi, yana nuna mutanen da suka fara taruwa, "ni zan buɗe taro. In ban kai inda Baba Saja ke kaiwa ba, har na wuce da taku biyu, na janye takara. Ku shaida."

Aka shaida. Har mai faci ya bar tayar da ke hannunsa ya zo ya shaida.

Washegari ya fara shiri. A ganinsa, murya ba za ta yi siriri ba sai leɓe ya tsuke, saboda haka ya aika aka sayo masa tsamiya da lemon tsami. Ya wuni yana tsotsa. Da bai ga canji ba, wani mai aski ya ba shi shawarar alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Kafin la'asar bakin Jaji ya tattare wuri ɗaya kamar bakin jakar tsaba.

Daidai lokacin Mai Unguwa ya iso a kan babur. Wata biyu ke nan da ya kawo shaddarsa ruwan toka mai zanen ganye, a ɗinka masa riga da wando.

"Jaji, ina kayana?"

"Shuna Kano, ranka ya daɗe," in ji Jaji ta ɗan ramin da ya rage masa. "Wajen shurfani."

Mai Unguwa ya ƙura masa ido. "Ni kake tsuke wa baki?"

"A'a, ranka ya daɗe, atishaye nake yi."

"Mura ce?"

"Atisaye yake nufi, ranka ya daɗe," na ce daga bakin shagona. "Na busa."

Mai Unguwa ya dubi ƙahon, ya dubi Jaji, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja babur ɗinsa.

Kwana uku ana haka, muryar ƙasa ba ta motsa daga ƙasa ba. Ran Juma'a da safe Jaji ya leƙo shagona.

"Muslim, kashe dutsen gugar nan. Na gano matsalar."

"Mece ce?"

"Me ake ce mata? Muryar sama. Mu kuwa muna nemanta a kwari. Tashi ka kai ni kan dutse."

Na ce ina da kayan mutane. Ya ce in ya zama shugaba duk gugar ƙungiya tawa ce. Na ɗauko babur. Ya hau baya, ƙahon na tsakaninmu, bakinsa ya kife a kan hulata, muka ratsa gari yara na nuna mu har muka kai duwatsun bayan gari. Hawan ma wani aiki ne. Sau biyu takalminsa na zamewa, sau biyu yana cewa da gangan ya yi don ya gwada dutsen.

Da muka kai ƙololuwa ya tsaya yana haki, ya dubi itatuwan dabino can ƙasa, ya busa. Ƙarar ta tafi ta bugi dutsen da ke fuskantarmu ta dawo.

"Ka ji ko? Ta biyun ta fi sirantaka."

"Jaji, amsa-kuwwa ce."

"To ba tawa ba ce? Wa ya aika ta?"

Ya yi ta yi har kusan rabin awa. Can sai muka ji motsi, ga wani Bafulatani magidanci ya hawo da sandarsa a kafaɗa, yana ta leƙe-leƙen bayan duwatsu. Ya yi sallama muka amsa.

"Ina bijimin?" ya tambaya.

"Wane bijimi?"

"Wanda ke kuka. Tun ɗazu shanuna sun ƙi kiwo, duk sun juyo nan. In na sayarwa ne a nuna mini. Amma daga jin muryarsa ba shi da lafiya."

Na juya baya ina tari. Jaji ya ɗaga ƙahon ya ce kiɗa ne na Turawa. Mutumin ya zagaya shi sau ɗaya, ya leƙa cikin bakin ƙahon, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya gangara.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Jaji ya ce dutsen ne bai kai tsawo ba.

Da yamma na matsa masa ya kira mai abin ya tambaya. Ya kira, ya sa a lasifikar waya don in ji yadda manya ke tattaunawa.

"Baba, wani abokina ne a Aujara ke tambaya. Wai ita muryar sama, ta ina ake kamo ta?"

"Abokin naka yana da ƙaho?"

"Yana... shirin saye."

"To ka gaya masa ba da ƙarfi ake yi ba. Ya bar 'yar ƙofa ƙarama tsakanin leɓɓansa, ya turo iska siririya mai sauri daga ciki, kamar mai hura kunu da zafi. Kada ya danna bakin ƙahon a leɓensa, zai kumbura. Kullum ya riƙe murya ɗaya ya ja ta, ya ja ta, sannan ya ɗan ƙara."

"Kwana nawa ake yi?"

"In yana da haƙuri, shekara biyu zai fara jin ƙanshinta."

"Babu ta kwana takwas?"

"Jaji, ƙahona yana ina?"

"Yana hutawa, Baba. Hello? Hello? Sabis ɗin nan..." Ya kashe wayar ya dube ni. "Ka ji tsofaffi. Ba sa son a gaje su."

Ya ci gaba da dannawa da ƙarfi, har wani jan zobe ya fito masa a leɓe. Ƙahon ya koma kwana a gida, ana idar da sallar asuba yake farawa. Matarsa Lauratu ta biyo shi shago ran Talata da mayafinta a hannu.

"Baban Zulfa, kajina sun daina ƙwai. Maƙwabta sun daina aiko mini da gaisuwa sai tambaya. Jiya matar liman ta shigo da rubutu a kwano, wai a ba mai naƙuda."

"Duk wanda zai yi suna sai an yi masa haka."

"Sunan ai ka yi shi. Yaran layi Bijimi suke ce maka."

Ranar Laraba abin ya faru. Jaji yana da ɗabi'ar soke allura a jikin matashin kujerarsa in yana sauri. Yana tsaye yana busa, ƙafa ta gaji, ya koma ya zauna bai cire bakinsa daga ƙahon ba. Sai ji na yi, fiiiit! Siririya, tsaf, kamar an zare ta da zare. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin dutsen guga na ruga.

Na same shi tsaye, hannu ɗaya a bayansa, idanunsa sun kawo ruwa, yana murmushi.

"Ka ji ta?"

"Na ji ta."

"Shekara biyu, in ji Baba Saja." Ya zaro allurar ya ɗaga ta sama. "Ga shekara biyun nan."

Muka gwada sau uku a bayan labule, sau uku tana fita. A na huɗu ya ce a dakata haka, kada a gama da wurin kafin ranar. Shirin ya tsaya a kan cewa ranar Asabar zan tsaya a bayansa kamar mai riƙe masa ruwa. In ya buga ƙafar dama a ƙasa, in yi aikina. Na ce ni mai guga ne, ba malamin asibiti ba. Ya ce abokin kirki a irin wannan rana ake saninsa. Ya ba ni allura, ya kuma ƙara mini da basilla, wadda ake ɗinkin buhu da ita.

"Wannan fa?"

"Ta ko-ta-kwana ce. Ba za a kai gare ta ba."

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a filin da ke bayan kasuwa. Teloli maza a dama, mata a hagu, 'yan kallo kuwa sun ninka masu zaɓe sau biyar, don labari ya kai har Aujara. Adda Kellu ta kwaso kaskonta ta dawo bakin filin. Mai Unguwa na kan kujerar gaba, shi ne babban baƙo.

Jaji ya iso cikin farin kaya masu maɓallan zinare da ya ɗinka wa kansa, da hular soja, da wata ɗamara da ta ratso daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ɗamarar na tsaya kallo: ruwan toka, mai zanen ganye.

"Jaji, wannan yadin kamar na san shi."

"Yadi ai kama yake yi. Ina allura?"

"Ka gwada ƙahon yau?"

"Ba a gwadawa ranar. Leɓe na hutawa tun jiya."

Ya ce a ɗora masa tebur a tsakiyar fili, don ko yaya tsawo na taimakawa. Yana hawa, sai ga adaidaita ta tsaya, Baba Saja ya fito da 'yar jakarsa. Ashe ya dawo da sassafe, ya je shago ya tarar a rufe, mai faci ya nuno masa hanya. Aka ba shi kujera kusa da Mai Unguwa, ya zauna ya harɗe hannu.

Jaji ya hango shi, amma ya riga ya hau. Ya karɓi makirfo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, masu ciwon kunne su matsa baya. Abin da za ku ji yau, ko mai ƙahon bai taɓa jin sa ba."

"Haka ne," in ji Baba Saja a hankali.

Fili ya yi tsit. Jaji ya ja iska har maɓallin rigarsa ɗaya ya tashi, ya manna baki, ya busa. Ba abin da ya fito. Kumatunsa suka cika, idanunsa suka firfito, ƙahon ya yi gum. Ya sake ja, ya sake turawa. Shiru.

"An fara ne?" Adda Kellu ta tambaya daga bakin kasko.

"Ta yi sama da yawa ne, Adda," in ji Abdulhakim. "Sai ta sauko za mu ji."

Jaji ya buga ƙafar dama. Na matso da gorar ruwa a hannun hagu, na yi aikina da dama. Ya zabura, hular ta karkace, amma ƙahon ko tari bai yi ba. Mai gabatarwa ya zaci na'urarsa ce ba ta ɗauka, ya ɗaga makirfo daga bakin ƙahon ya kai shi daidai fuskar Jaji ko zai tsinci wani abu.

Jaji ya sake buga ƙafa. Ya buga, ya buga, har tebur na rawa. Ya waiwayo ya harare ni da jan ido. Na ce a raina, to, shi ya nema. Na zaro basilla, na yi bisimilla.

"Wayyooo Allahnaaa!"

Ban taɓa jin murya irin wannan daga bakin namiji ba. Ta shiga makirfo ta fita ta lasifika huɗu, siririya, doguwa, tana hawa tana ƙara hawa. Tattabarun kan rumfunan kasuwa suka tashi gaba ɗaya. Wata tsohuwa a ɓangaren mata ta zaci an fara guɗa, ta kama hanci ta taya shi. Jaji ya diro daga tebur, ƙahon ya kuɓuce, Baba Saja ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba ya cafe abinsa kafin ya taɓa ƙasa.

Dariya ta hana kowa magana. Ni kuwa ga ni tsaye a tsakiyar fili da basilla a hannu, ban san inda zan sa ta ba.

Baba Saja ya hura ƙahon kaɗan, ya yamutsa fuska, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakin har gwiwa. Ya fara jawo wani ƙyalle. Yana ja yana fitowa, yana ja yana fitowa.

"Wa ya cusa wannan?"

Lauratu ta miƙe daga cikin mata. "Ni ce, Baba. Jiya da yamma na tura shi da muciya, don in samu safiya ɗaya in ji kiran sallar kowa ban ji na bijimi ba. Na ce in gari ya waye zan cire, kafin in fito daga kicin ya ɗauke abinsa. Tsumma ne na gani a ƙarƙashin katifa."

Baba Saja ya warware tsumman ya ɗaga. Wando ne, na shadda ruwan toka mai zanen ganye. Ƙafarsa ɗaya.

Mai Unguwa ya sa tabarau. Ya dubi wandon. Ya dubi ɗamarar da ke ƙirjin Jaji. Ya sake duban wandon.

"Jaji."

"Ranka ya daɗe."

"Yaushe kayan nawa suka dawo daga Kano?"

"Ai... ƙafa ɗaya ce ta riga dawowa, ranka ya daɗe."

"Ita ce wannan a ƙirjinka?"

"Almakashi ne ya zarce tun farko, ranka ya daɗe, ta gajarce. Na ga kada ta zauna a banza."

"To ciro mini ƙafata."

A gaban jama'a Jaji ya cire ɗamara ya ninke ta ya miƙa da hannu biyu. Adda Kellu ta zauna dirshan a ƙasa tana share hawaye, ƙosanta na ƙonewa.

Da aka natsa, Mai Unguwa ya roƙi Baba Saja ya buɗe taron tunda ga shi ga kayansa. Dattijon ya goge bakin ƙahon da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ɗora leɓe kamar mai shan shayi. Ya fara daga ƙasa, a hankali, ya dinga hawa ba tare da kumatunsa sun motsa ba, har ya kai wata siririyar murya mai daɗi ya riƙe ta. Mata suka rangaɗa guɗa, ta gaske wannan karon.

Abdulhakim ya zama shugaba ba hamayya. Ya zo ya kama hannun Jaji ya ce a ba shi kujera a babban tebur. Jaji ya ce ya gode, ya fi son tsayuwa.

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan. Amma ana watsewa na hango shi a gindin rumfa ya tara mutum biyar, hannu ɗaya a ƙugu, leɓe a kumbure.

"Ku dai ku faɗi gaskiya," yake cewa, "tsakanin tawa da ta Baba, wacce ta fi hawa? Ni ƙaho na ce zan wuce, kuma na wuce shi, shi ya sa ya kasa bina. Ga Baba nan, ku tambaye shi."

Baba Saja yana mayar da ƙahonsa cikin buhu. Ya ɗago ya dubi Jaji, ya dube ni.

"Gaskiya ne," ya ce. "Shekara talatin da biyar ina busa, ban taɓa kaiwa nan ba. Amma mu a badujala ba a ba mu mai basilla."